Gunduma Mai Farin Jini, Majalisa Mara Ƙarfi: Yadda Ƙananan Hukumomin Ayilan Suka Kai Inda Suke

Ranar wasan ƙarshe na ƙwallon gargajiyar Ayilan, mutum sama da dubu 80 ke cika filin Croke Park da ke Dublin, kuma da wuya ka ga wanda ya zo da tutar ƙasa. Kowa tutar gundumarsa yake kaɗawa. Mutanen Mayo rabon su da wannan kofi tun 1951, amma duk shekarar da suka kai ƙarshe sai ƙauyukansu su watse, kowa ya nufi Dublin da kore da ja a jikinsa. Ka tambayi ɗan Ayilan daga ina yake, kafin ya ambaci garinsu gundumarsa zai faɗa maka: Kerry, Cork, Donegal.

Wanda ya ga haka sai ya ɗauka majalisar gunduma a can wata babbar hukuma ce da ake shakka. Kallon kitse ne ake yi wa rogo. Majalisar gunduma a Jamhuriyar Ayilan ba ta riƙe da makarantu, ba ta da 'yan sanda, ba ta da asibiti, ko ruwan famfo ma ya bar hannunta. Abin da ƙananan hukumomin ƙasar ke kashewa gaba ɗaya bai wuce wajen kashi ɗaya cikin goma na kuɗin da gwamnati ke kashewa ba. A 2023 masu sa ido na ƙungiyar ƙasashen Turai mai suna Council of Europe suka sake faɗin abin da suka faɗa shekara goma kafin nan, cewa Ayilan na cikin ƙasashen nahiyar da suka fi tattare iko a babban birni. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne ba Turawan Ingila ne suka bar majalisun a haka ba. 'Yan ƙasa ne suka fige su, bayan sun ci moriyarsu wajen korar Ingila.

Ita kanta gundumar baƙuwa ce. Bayan mayaƙan Norman sun tsallako daga Birtaniya a 1169, sarakunan Ingila suka riƙa yanka ƙasar da suka ci da yaƙi zuwa gundumomi irin nasu na gida, kowace da wakilin sarki mai tara haraji da kafa kotu. Aikin ya ɗauki shekara ɗari huɗu da wani abu, domin iyakar gunduma tana tafiya ne daidai da iyakar takobi. A 1556 aka ƙwace ƙasashen da yau ake kira Laois da Offaly, aka raɗa musu Gundumar Sarauniya da Gundumar Sarki don girmama Sarauniya Mary da mijinta Philip na Sifen. Wicklow, mai duwatsun da 'yan tawaye ke fakewa, ita ce ta ƙarshe a 1606, adadin ya cika 32. Soyayyar da ake yi wa gunduma a yau ta zo ne daga baya, kuma ƙungiyar wasannin gargajiya ta GAA da aka kafa a 1884 tana da babban hannu a ciki, domin a kan gundumomi ta tsara gasarta. Layin da mai mamaya ya ja don karɓar haraji shi ne ya koma abin da jikokin waɗanda aka mamaye ke zubar wa hawaye.

Kafin 1898 gunduma tana hannun wani kwamiti da ake kira Grand Jury. Ba zaɓensa ake yi ba. Wakilin sarki ne ke tsamo mutum 23 daga cikin manyan masu ƙasa, su zauna sau biyu a shekara lokacin da alƙalai suka zo rangadi, su yanke hanyar da za a gina, da gadar da za a gyara, da harajin da za a ɗora. Masu yankewar galibinsu Furotesta ne masu goyon bayan haɗewa da Birtaniya, masu biyan kuwa manoman haya ne, mafi yawansu Katolika. Ba a rasa ƙorafin cewa hanya takan san ƙofar gidan wanda ya zauna a kwamiti, kwangila kuma ta san danginsa.

Ƙofar zaɓe ta fara buɗewa ta wata hanya mai ɗaci. Dokar matalauta ta 1838 ta raba ƙasar yanki 130, kowane da gidan gajiyayyu da kwamitin kula da shi, kuma masu biyan haraji ne ke zaɓen wani ɓangare na 'yan kwamitin, ko da yake mai dukiya ya fi talaka yawan ƙuri'a. Ba a jima ba babbar yunwa ta faɗo a 1845, ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, wasu miliyan suka yi hijira, gidajen gajiyayyun suka cika suka batse, aka ƙara yankunan zuwa 163. Har yau ambaton gidajen nan yana sosa ran mutanen ƙasar. Sai dai a waɗannan kwamitoci ne manoma da 'yan kasuwar karkara suka koyi zaman taro da duba lissafi, kuma zuwa shekarun 1880 masu kishin ƙasa sun mamaye da yawa daga cikinsu. A 1872 aka kafa hukumar da ke sa ido a kan ƙananan hukumomi duka, mai mazauni a Custom House, wani katafaren gini a bakin kogin Liffey a Dublin. A riƙe sunan ginin nan, zai dawo.

Dokar 1898 ce uwar tsarin da ake da shi yanzu. Sau biyu, a 1886 da 1893, yunƙurin bai wa Ayilan majalisar dokokinta ya faɗi a Landan. Gwamnatin masu ra'ayin riƙau ta yi lissafin cewa idan aka ba mutane ikon gundumarsu, zafin neman mulkin kai zai huce. Gerald Balfour, babban sakataren Ayilan na lokacin, shi ya kai dokar. An toshe bakin masu ƙasa da kuɗi: baitulmali ya ɗauki rabin harajin da ke kan gonaki, wanda ya sauke musu nauyin da suke biya na matalauta. Da haka aka kafa majalisun gundumomi zaɓaɓɓu, da manyan birane shida masu matsayin gunduma, wato Dublin, Belfast, Cork, Limerick, Derry da Waterford, sannan a ƙarƙashi aka yi majalisun birni da na karkara. Matan da suka cika sharaɗi sun samu ƙuri'a da damar tsayawa a ƙananan majalisun, amma kujerar majalisar gunduma sai 1911 aka buɗe musu ita.

An yi zaɓen farko a watan Afrilu 1899, masu kishin ƙasa suka kwashe wajen kashi uku cikin huɗu na kujerun. A wajen arewa maso gabas, iyalan da suka riƙe gundumomi kaka da kakanni suka wayi gari ba su da ta cewa. Ba a harba bindiga ko ɗaya ba. Lissafin Landan kuwa ya sha ruwa, domin wanda ya iya tafiyar da gunduma sai ya fara tambayar dalilin da zai hana shi tafiyar da ƙasa.

Shekara ashirin bayan nan aka ga amfanin wannan makami. Jam'iyyar Sinn Féin ta lashe zaɓen 1918, ta ƙi zuwa Landan, ta kafa majalisarta a Dublin mai suna Dáil Éireann. Don a rage mata ƙarfi, Birtaniya ta shigo da zaɓen rabon kujeru, inda mai ƙuri'a ke jeranta 'yan takara 1, 2, 3 bisa yadda ya fi so, bayan an gwada shi a garin Sligo a 1919. Dabarar ba ta yi aiki ba. A zaɓukan 1920 Sinn Féin da ƙawayenta suka karɓe mafi yawan majalisu, majalisun kuma suka yi mubaya'a ga Dáil, suka daina amsa takardun Custom House. Landan ta datse tallafi. Ma'aikatar ƙananan hukumomi ta 'yan tawaye, ƙarƙashin W. T. Cosgrave, tana aiki a ɓoye, masu karɓar haraji kuma suna tsaka mai wuya, ba su san wa za su miƙa wa kuɗi ba. A Cork aka harbe magajin gari Tomás Mac Curtain a gidansa a watan Maris, wanda ya gaje shi, Terence MacSwiney, ya mutu a kurkukun Brixton a watan Oktoba bayan kwana 74 yana ƙin cin abinci. A watan Mayu 1921 dakarun IRA, rundunar 'yan tawayen, suka cinna wa Custom House wuta, takardun shekaru aru-aru suka ƙone. An sake gina shi, kuma a yau ma'aikatar da ke kula da ƙananan hukumomi a cikinsa take zaune. Shi kuwa zaɓen 1, 2, 3 da aka kawo don karya 'yan kishin ƙasa, da shi Ayilan ke zaɓe har gobe.

A nan labarin ya juya. Da mafi yawan Ayilan ta samu mulkin kanta, Cosgrave ya zama shugaban gwamnatin sabuwar ƙasa a 1922, kuma babu wanda ya kai shi sanin abin da majalisa mai taurin kai za ta iya yi wa gwamnatin tsakiya, tunda shi ya koya musu. Ga yaƙin basasa, ga baitulmali babu kuɗi, ga majalisu da haraji ya taru ba a karɓa ba, ga aikin gwamnati da ya zama sai ɗan wane da ƙanin wane. Dokar 1923 ta rufe tsarin gidajen gajiyayyu, ta kuma ba minista ikon rushe duk majalisar da ya ga ta gaza, ya naɗa kantoma. A 1924 aka yi wa Dublin da Cork haka, manyan biranen ƙasar biyu. Mai karatu a Najeriya ba ya buƙatar a yi masa bayanin kantoman riƙo. A 1925 aka soke majalisun karkara, a 1926 aka karɓe ɗaukar manyan ma'aikata daga hannun kansiloli, aka miƙa wa wata hukuma ta ƙasa mai yin jarrabawa da ganawa. Likitan gunduma ko injiniyanta ya daina zama kyautar da ake rabawa a bayan fage.

Kantomomin nan, dole a faɗa, da yawansu sun yi aiki, har 'yan kasuwar Cork suka ƙi a koma gidan jiya. Suka nemi a ari tsarin wasu biranen Amurka, inda zaɓaɓɓu ke tsara manufa, ƙwararren manaja kuma ya gudanar. Dokar Cork ta 1929 ta yi hakan, kuma Philip Monahan, wanda dama shi ne kantoman birnin, ya zama manajan farko, ya zauna a kujerar har 1959. Dublin ta bi a 1930, Limerick a 1934, Waterford a 1939. Gwamnatin Éamon de Valera, wadda ta fito daga ɓangaren da ya yaƙi Cosgrave a basasa, ita ce ta shimfiɗa tsarin a kan dukkan gundumomi da dokar 1940. A kan wannan batu dai abokan gabar nan bakinsu ɗaya.

Duk wanda yake son gane ƙaramar hukuma a Ayilan, a nan zai tsaya. Doka ta raba aikin majalisa gida biyu. Akwai ayyukan da aka keɓe wa kansiloli: amincewa da kasafin kuɗi na shekara, tsayar da harajin shaguna da masana'antu, amincewa da tsarin raya gunduma wanda ke nuna inda za a yi gidaje da inda za a bari gona, yin ƙananan dokoki, cin bashi, sayar da filin hukuma. Duk abin da doka ba ta ambata a wannan jeri ba, na manaja ne. Ɗaukar ma'aikata da korarsu, ba da kwangila, raba gidajen hukuma ga masu jira, ba da izinin gini ko hanawa, duk da sa hannunsa ake yi. Tun 2014 an sauya masa suna zuwa babban jami'in zartarwa, amma kujerar ita ce dai. Hukumar ɗaukar ma'aikata ta ƙasa ce ke tantance shi, kansiloli su amince, ya yi shekara 7, ana iya ƙara masa 3. Cire shi sai da kashi uku cikin huɗu na kansiloli, sannan minista ya yarda.

Shugaban majalisar, wanda ake kira Cathaoirleach da harshen ƙasar, ko magajin gari a birane, kansiloli ne ke zaɓensa daga cikinsu, kuma shekara ɗaya tak yake yi. Jam'iyyu kan zauna bayan zaɓe su raba shekarun biyar a tsakaninsu. Yana jagorantar zama, yana rataya sarƙar zinare, yana yanke kintinkiri. Kada a kwatanta shi da ciyaman na ƙaramar hukuma a Najeriya, domin ba ya sa hannu a cek. Ko kasafin kuɗin da aka ce na kansiloli ne, ofishin manaja ke rubuta shi, kuma idan suka ƙi amincewa da wanda zai ishi aiki, minista na iya sallamarsu gaba ɗaya. Ya taɓa faruwa da majalisar birnin Dublin a 1969. Don haka idan hanya ta lalace ko gida ya yi wuya, kansila ake tarewa a bakin shago a zazzage masa, alhali mai ikon yana ofis, ba wanda ya zaɓe shi, kuma mutane da yawa ko sunansa ba su sani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai shi wannan gardin albashinsa kawai yake karɓa.

Ba zan ce masu wannan tsari ba su da hujja ba. Iko mafi tsoka da ya rage wa kansiloli shi ne na sauya fili daga na noma zuwa na gini, wanda ke iya ninka darajarsa cikin dare ɗaya, kuma daidai nan ɗin ɓarna ta shiga. Kwamitin binciken da aka kafa a 1997, wanda aka fi sani da sunan Alƙali Mahon, ya shafe shekara 15 yana tono yadda aka riƙa sauya filaye a kewayen Dublin. Wani dillalin siyasa, Frank Dunlop, ya amsa da bakinsa cewa ya raba wa kansiloli kuɗi a madadin masu gine-gine, aka ɗaure shi a 2009. Rahoton ƙarshe na 2012 ya ce cin hanci ya yi katutu a siyasar wancan zamani. Duk mai neman a ƙara wa kansiloli iko a yau, da wannan ake fara rufe masa baki.

Hujja ta biyu tana tsallaken iyaka. Gundumomi 6 na arewa maso gabas da suka zauna da Birtaniya lokacin da aka raba tsibirin, wato Ayilan ta Arewa, sun bar ikon raba gidaje da ayyuka a hannun kansiloli. Gwamnatin Belfast ta soke zaɓen rabon kujeru a 1922, ta sake zana mazaɓu, ta bar ƙuri'ar ƙaramar hukuma ga masu biyan harajin gida da matansu kawai. Sakamakon shi ne birni irin Derry, mai rinjayen Katolika, ya zauna shekaru a hannun 'yan haɗewa da Birtaniya. Tunda gida ƙuri'a ne, raba gida ya zama siyasa tsantsa. A watan Yuni 1968 aka ba wata budurwa Furotesta mai shekara 19 gida a ƙauyen Caledon alhali iyalan Katolika masu 'ya'ya suna layi, ɗan majalisa Austin Currie ya shiga gidan ya ƙi fita, kuma daga nan zanga-zangar neman 'yanci ta kankama. Kafin a ankara rikici ya ɓarke. A 1971 aka kai rabon gidaje ga wata hukuma guda, a 1973 aka soke majalisun gundumomi, aka yi ƙananan majalisu 26 masu ɗan ƙaramin iko, a 2015 aka haɗe su zuwa 11. Kudu da arewa kowa ya bi hanyarsa, amma masauki ɗaya suka sauka.

Duk da haka, a ganina manaja bai raunana majalisun kudu kamar yadda zaɓen 1977 ya yi ba. Har zuwa lokacin, kowane mai gida yana biya wa majalisarsa haraji kai tsaye. Harajin yana da aibi, domin an gina shi a kan ƙimar da Richard Griffith ya yi wa gidaje da gonaki a tsakiyar ƙarni na 19, kuma yana ta hawa. Jam'iyyar Fianna Fáil ta Jack Lynch ta yi alkawarin soke shi, ta ci zaɓe da gagarumin rinjaye, ta cika alkawari a 1978. A 1984 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa yadda ake ƙiyasta harajin gonaki ya saɓa wa tsarin mulki, shi ma ya tafi. Gwamnati ta ce za ta cike giɓin da tallafi, amma da tattalin arziki ya tsuke a shekarun 1980 tallafin ya kasa. Daga nan majalisa ta koma mai kai ƙoƙon bara Dublin, kuma mafi yawan abin da ake zuba mata an riga an rubuta aikin da za a yi da shi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin da ya ɓace ya wuce kuɗi. Lokacin da mai gida ke biya, yana da dalilin tambayar kansila me aka yi da kuɗinsa, kansila kuma yana da abin da zai yi takara a kai, ko ya ce a ƙara a gina, ko a rage a haƙura. Da aka yanke wannan igiya sai takara ta koma wa ya fi iya bin takardar mutum a ofis. A Najeriya, hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yuli 2024 ya tsaya ne a kan cewa kason ƙananan hukumomi 774 ya isa hannunsu ba tare da ya bi ta gwamnoni ba. A Ayilan kason yana isa lafiya lau, babu mai tare shi a hanya, amma majalisar ba ta samu 'yanci da hakan ba, domin mai aikowa shi ke faɗin inda za a kashe.

An yi ta ƙoƙarin dawo da wani abu. Kuɗin ruwa na gidaje da aka shigo da shi a shekarun 1980 ya jawo bore har aka soke shi a 1997. Kuɗin kwashe shara ya kai ɗan majalisar dokoki Joe Higgins kurkuku a 2003, daga baya ma majalisu suka sakar wa kamfanoni sharar. Sai da ƙasar ta faɗa hannun masu ba da lamuni na Turai da IMF a 2010 aka dawo da harajin gida a 2013. Shi ma hukumar haraji ta ƙasa ce ke karɓa, an dai ba kansiloli damar ɗaga shi ko sauke shi da kashi 15 cikin 100 lokacin da aka fara, kuma majalisun yankin Dublin sun shafe shekaru suna zaɓen saukewa.

A gefe guda kuma ana ta zare ayyuka ɗaya bayan ɗaya. Lafiya ta tafi da dokar 1970. Ikon manyan hanyoyi ya koma wata hukumar ƙasa a 1994. Tallafin ɗalibai da lasisin tuƙi suka bi, ruwa da magudanai suka koma kamfanin Irish Water a 2014, wanda yunƙurinsa na sa wa gidaje mita ya fito da dubban mutane kan titi. Abin da ya rage ba kaɗan ba ne: gidajen masu ƙaramin ƙarfi, izinin gini, hanyoyin cikin gunduma, kashe gobara, ɗakunan karatu, wuraren shaƙatawa, maƙabartu, rajistar masu zaɓe, tallafa wa ƙananan sana'o'i. Amma kusan kowanne a kan ƙa'idar da aka rubuto daga Dublin ake yin sa.

Ko zaɓen ma gwamnati kan ɗage shi idan bai yi mata daɗi ba. Daga 1967 sai 1974, daga 1991 sai 1999. A 1999 ne ƙuri'ar raba gardama ta shigar da ƙananan hukumomi cikin tsarin mulki a sashe na 28A, ta wajabta zaɓe duk shekara biyar, cikar shekara ɗari da zaɓen farko. A 2003 aka hana mutum haɗa kujerar kansila da ta majalisar dokoki. Wannan bai hana ɗan majalisar dokoki zama ɗan aiken mazaɓarsa ba, domin mutane sun san inda iko yake, kuma shi suke kai wa kukan rami a hanya. Wani abu guda da ke sa manya su durƙusa wa kansila shi ne majalisar dattawa: kujeru 43 cikin 60 kansiloli ne da 'yan majalisa ke zaɓensu, don haka lokacin wannan zaɓe masu neman kujera kan zaga ƙasar gida-gida suna gaisuwa.

Gyara mafi girma tun 1898 ya zo a 2014 a hannun minista Phil Hogan, a tsakiyar tsuke bakin aljihu. An soke majalisun garuruwa 80, ƙananan hukumomi suka ragu daga 114 zuwa 31, kansiloli daga 1,627 zuwa 949. Tipperary da ta daɗe a rabe arewa da kudu ta haɗe, Limerick da Waterford kowace aka haɗa birninta da gundumarta. Yanzu akwai majalisun gundumomi 26, na birane 3, wato Dublin, Cork da Galway, da na haɗaka 2. Lissafin 26 ɗin bai yi daidai da tsofaffin gundumomi 26 na Jamhuriya ba, domin tun 1994 aka yanka gundumar Dublin uku: Fingal, Dublin ta Kudu da Dún Laoghaire-Rathdown, ko da yake a Croke Park har yanzu Dublin ɗaya ce mai shuɗiyar riga. Majalisar birnin Dublin na da kansiloli 63, ta gundumar Cork 55, ƙanana irin Leitrim 18. A madadin majalisun garuruwa an yi yankuna 95, inda kansilolin yankin ke zama kan ƙananan lamura, amma ba su da harajin kansu. Da mutum miliyan 5.1 a ƙidayar 2022, kowace hukuma ta tashi da kimanin mutum dubu 166, a nahiyar da Faransa ke da ƙananan hukumomi wajen dubu 35. Masu goyon baya sun ce majalisun garuruwan da yawansu suna ne kawai, kuma gaskiya ne wasunsu ba su da wani aiki. Amma garuruwa irin Drogheda da Kilkenny, masu majalisa tun ƙarnoni da dama, su ma guguwar ba ta bar su ba.

Ɗaya daga cikin majalisun da aka soke tana da alaƙa da mu. A Ayilan duk wanda ya kai shekara 18 kuma yake zaune a ƙasar yana da ƙuri'a a zaɓen ƙaramar hukuma, yana kuma iya tsayawa takara, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo, har mai neman mafaka. Ta wannan ƙofa Rotimi Adebari, ɗan Najeriya daga jihar Ogun, ya shiga majalisar garin Portlaoise a 2004, ya zama magajin garin a 2007, baƙar fata na farko da ya riƙe irin wannan muƙami a ƙasar. Portlaoise ita ce hedikwatar Laois, tsohuwar Gundumar Sarauniya ta 1556. Wasu 'yan asalin Najeriya sun biyo baya, irin su Yemi Adenuga da ta shiga majalisar Meath a 2019.

Muhawarar yanzu a kan magajin gari ne da jama'a za su zaɓa da kansu, mai ikon gudanarwa. A 2014 aka nemi majalisun Dublin huɗu su yarda a tambayi jama'a, uku suka yarda, Fingal ta ƙi, maganar ta mutu. A 2019 aka tambayi Cork da Waterford da Limerick. Biyun farko suka ce a'a da ƙaramin rinjaye, Limerick ta ce e da wajen kashi 52 cikin 100. A watan Yuni 2024 John Moran, ɗan takara mai zaman kansa kuma tsohon babban sakataren ma'aikatar kuɗi, ya zama magajin gari na farko a tarihin ƙasar da jama'a suka zaɓa kai tsaye, da wa'adin shekara 5. Shi ke gabatar da kasafin kuɗi da tsarin raya birni da gunduma. Sai dai dokar ba ta kori manajan ba, suna ta sake masa zuwa babban darakta, kuma ɗaukar ma'aikata, da raba gidaje, da yanke hukunci kan takardun neman izinin gini duk suna nan a teburinsa.